Elohim, Ubangiji da Fadar Sama: Nazarin Al'adar Fassara Sunayen Allah na Ibrananci a Bakin Masu Hausa

A Jalingo, babban birnin Jihar Taraba tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, Hausa ce ta haɗa kasuwa da masallaci da majami'a. Garin cike yake da Fulani da Hausawa da Mumuye da Jukun Kona da Wurkun da Jenjo da Kuteb da wasu ƙabilu da dama, kowa da harshen gidansu, amma in za a yi zancen Allah a bainar jama'a, galibi da Hausa ake yi. Mai tafsirin watan azumi yana cewa Allah, yana cewa Ubangiji, yana cewa mala'iku. Fasto ma ran Lahadi kalmomin nan uku yake faɗa. Sai dai a ƙarƙashin kalmomin faston akwai wasu sunaye na Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, kuma a bakin wasu malaman Musulunci ma akwai ɓurɓushin waɗannan sunaye, sun shigo ta littattafan Larabci.

Wannan nazari zai bi sawun al'adar fassara sunayen nan da yi musu sharhi, tare da tambayar da kullum take biye da su: da wa Allah yake magana sa'ad da zai halicci mutum, kuma mene ne rabon mala'iku a aikin halitta? Abin da nake son nunawa shi ne, ƙarfin wannan al'ada yana wajen da ta tsare kaɗaitakar Mahalicci, rauninta kuwa yana wajen da take ɗora wa nahawu ko lafazin suna nauyin da ba za su iya ɗauka ba.

Yadda sunayen suka iso bakin Binuwai

Bajamushen mishan James Frederick Schön shi ne ya fara sa Littafin Farawa a Hausa a 1858, ya biyo da Fitowa a 1859. Ya yi aikin ne a Ingila, bayan ya samu taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito ba sai 1932, bayan shekaru na aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya da Wusasa ya jagoranta. An sake fassara shi a ƙarshen shekarun 1970, wasu sababbin fassarori kuma suka biyo baya.

A tsakanin nan ne bishara ta shigo ƙasar da ta zama Taraba. Ayarin farko na Sudan United Mission ƙarƙashin Karl Kumm ya hauro Binuwai zuwa Ibi a 1904. C. W. Guinter ya zauna Wukari, daga baya ya buɗe tasha a Bambur a 1923, inda tushen ekklisiyar Methodist ta yankin yake. Johanna Veenstra ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum daga farkon shekarun 1920 har rasuwarta a 1933. Harsunan yankin sun yi wa 'yan mishan yawa, don haka suka rungumi Hausa ta zama harshen makaranta da sujada. Shi ya sa har yau sunan tarayyar ekklisiyoyin, TEKAN, na Hausa ne, kuma ko Diyosis ɗin Katolika na Jalingo da aka kafa a 1995 ya tarar da jama'a sun saba da addu'a da Hausa.

Waɗanda suka karɓi littafin suna da nasu sunayen na Mahalicci tun da can. Mumuye suna cewa La. C. K. Meek, a littafinsa kan Jukun na 1931, ya rubuta cewa suna ambaton Chido na sama, da kuma Ama wanda ke ƙera ɗan Adam. Ga mutumin da ya tashi da irin wannan fahimta, tambayar ko Mahalicci yana da abokin aiki tana da nauyi tun kafin ya buɗe sura ta farko.

Sunaye da yawa, kalmomi biyu

Sunan da littafin ya buɗe da shi shi ne Elohim, wanda ya zo fiye da sau 2,500 a Tsohon Alkawari. Sigarsa ta jam'i ce, amma idan ana nufin Allahn Isra'ila, fi'ilin da ke biye da shi kusan kullum tilo ne. Tilon sunan, Eloah, ɗan'uwan ilah na Larabci ne. Mafassaran Hausa ba su yi wata-wata ba suka ce Allah, kamar yadda Kiristocin Larabawa suke faɗa tun ƙarnuka, kuma kamar yadda malamin Yahudawa Sa'adiya Gaon, wanda ya rasu a 942, ya yi a fassararsa ta Attaura zuwa Larabci. A Malesiya wannan zaɓi ya kai har kotu: a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta hana jaridar Katolika mai suna Herald amfani da kalmar. A ƙasar Hausa Musulmi da Kirista sun daɗe suna tarayya a kanta, a gaisuwa da rantsuwa da ta'aziyya.

Suna na biyu ya fi wuya. Baƙaƙe huɗu ne, Y-H-W-H, kuma ya zo kusan sau 6,800. Fitowa sura 3 ta danganta shi da fi'ilin kasancewa, inda Allah ya gaya wa Musa sunansa daga cikin kurmi mai cin wuta. Tun kafin zamanin Almasihu Yahudawa suka daina furta shi saboda girmamawa, sai babban firist a Haikali ranar kafara, har Romawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70. A karatu sukan ce Adonai, wato maigida ko mamallaki. Fassarar Girkanci da aka fara a Iskandariyya a ƙarni na uku kafin Miladiyya ta bi wannan hanya a kwafe-kwafen da Kiristoci suka gada, Latin ta bi ta, Hausa ma ta bi da kalmar Ubangiji. Zaɓin ya dace ƙwarai, domin Ubangiji a tsohuwar Hausa mamallaki ne, kuma ita ce kalmar da malamai, har da Shaihu Abubakar Gumi a tarjamarsa ta Alƙur'ani, suke fassara Rabbu da ita.

Amma akwai abin da aka rasa. Ibrananci ya bambanta suna na kansa da laƙabi, Hausa ta mai da su duka laƙabi. Mai karatu ba zai iya gane inda aka rubuta baƙaƙe huɗun da inda aka rubuta Adonai ba, sai da wata alama ta ɗab'i. Shi ya sa wasu sababbin mafassara suka dawo da Yahweh, wanda shi ne lafazin da yawancin masana suka fi rinjayarwa. Shaidun Jehobah kuma suka riƙe Jehobah. Asalin wannan lafazi sananne ne. Malaman Yahudawa na Tabariyya da suka yi wa rubutun wasali tsakanin ƙarni na 7 da na 10 sun ɗora wasulan Adonai a kan baƙaƙe huɗun, don tunatar da mai karatu abin da zai faɗa. Turawan da ba su san dabarar ba suka karanta baƙaƙen da wasulan a haɗe, William Tyndale kuma ya shigar da sakamakon cikin Ingilishi a 1530. Cocin Katolika ya ɗauki wata hanya dabam: a watan Yunin 2008, wasiƙar da Kadinal Francis Arinze, ɗan Nijeriya, ya sa wa hannu daga Vatikan ta hana furta Yahweh a waƙa da addu'ar sujada. Don haka a gari ɗaya ana iya samun majami'u uku da matsayi uku a kan suna ɗaya, kowa da dalilinsa na girmamawa.

Sauran sunayen sun fi sauƙin shiga Hausa saboda Larabci ya riga ya share musu hanya. El Elyon ɗan'uwan Al-Aliyyu ne, sai aka ce Maɗaukaki. Yahweh Tseba'ot, wanda bai zo ko sau ɗaya a littattafan Musa biyar ba sai a farkon 1 Sama'ila, ya zama Ubangiji Mai Runduna. El Shaddai ne ya gagara. Sunan Shaddai ya zo sau 48, 31 daga ciki a littafin Ayuba, kuma masana ba su daidaita a kan tushensa ba. Wasu sun danganta shi da kalmar dutse a harshen Akkad. Malaman Yahudawa a Talmud sun karanta shi da ma'anar wanda ya ce wa duniya ya isa haka, lokacin da take ta faɗaɗa a farkon halitta. Mai Iko Dukka da muka saba ji ya biyo fassarar Girkanci da Latin ne.

Dalilin sauya suna a tsakiyar labari

Mai karatun da ya natsu zai ga Farawa sura 1 tana cewa Allah kaɗai, amma daga sura 2 aya 4 sai a koma Ubangiji Allah. Tsofaffin malaman Yahudawa sun ce Elohim suna ne na hukunci da adalci, baƙaƙe huɗun kuma na jinƙai, kuma an haɗa su ne domin duniya ba za ta tsayu da adalci zalla ba. Wanda ya zauna gaban malamin tauhidi zai tuna da rabon sunayen Allah kyawawa zuwa na jalala da na jamala. A Turai kuwa likitan Faransa Jean Astruc ya ba da wani bayani a 1753, cewa sauyin alama ce ta tsofaffin rubuce-rubuce daban-daban da aka haɗa. Julius Wellhausen ya gina cikakken ra'ayi a kan haka a 1878, Umberto Cassuto kuma ya yi masa raddi a ƙarni na 20, yana cewa marubuci ɗaya yana iya zaɓar suna gwargwadon abin da yake magana a kai. Ɗaliban makarantun tauhidi irin su TCNN ta Bukuru suna haɗuwa da wannan muhawara a aji, amma da wuya ta sauko kan mimbari. Bayanin adalci da jinƙai ya fi amfanar mai wa'azi, kuma babu laifi a haka muddin ya san cewa sharhi ne na malamai.

Jam'in da ya ta da ƙura

A Farawa 1:26, da aka zo halittar mutum, Allah ya yi magana da lamirin jam'i, wato mu. Haka ya sake faruwa a 3:22 da 11:7 da Ishaya 6:8. Amsoshin da aka bayar a tarihi sun kasu gida uku, kuma dukansu suna yawo a bakin masu Hausa.

Ta farko ita ce ta girman sarauta. Wannan ita ta fi kwanta wa kunnen mutumin Jalingo, garin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mai da hedikwatarsa a 1893, wanda har mazaɓunsa suke ɗauke da sunayen sarautu: Sarkin Dawaki, Barade, Majidaɗi, Turaki, Sintali. Duk wanda ya taɓa zuwa naɗin sarauta ya ji sarki yana cewa mun naɗa, mun yarda, alhali shi kaɗai ne. Sa'adiya Gaon ya bi wannan bayani, kuma shi ne bayanin mufassiran Alƙur'ani ga wuraren da Allah ya ce Mu. Matsalarsa guda ce: sarakunan Isra'ila a Tsohon Alkawari ba su saba magana haka ba, shi ya sa wasu masana nahawun Ibrananci suka fi son su kira shi jam'in shawara da kai.

Ta biyu ita ce ta majalisar sama. Littafin yana nuna Allah a kan kursiyi da runduna tsaye dama da hagu, kamar a wahayin Mikaiya a 1 Sarakuna 22, da farkon littafin Ayuba, da Ishaya 6. Bisa haka Midrash Bereshit Rabba da Talmud suka ce da mala'iku aka yi shawara. Har suka kawo hikaya cewa mala'ikun sun rabu, wasu suna goyon bayan halittar mutum saboda alherin da zai yi, wasu suna ƙi saboda ƙaryarsa da husumarsa, Allah kuwa ya halicce shi suna cikin gardamar. Rashi, babban mai sharhi na Faransa da ya rasu a 1105, ya ce darasin shi ne tawali'u, babba ya nemi shawarar ƙarami, sannan ya nuna cewa aya ta gaba, wadda ta ba da labarin aikin kansa, ta koma fi'ilin tilo. Wannan lura ita ce ginshiƙin bayanin duka. An sanar da majalisa, amma hannu ɗaya ne ya yi aikin. A nan ne ma misalin fada yake tsayawa. Sarkin duniya yana naɗa Sarkin Dawaki ne domin ba zai iya kula da barga da kansa ba. Ishaya 44:24 kuwa ta fito fili cewa Allah shi kaɗai ya shimfiɗa sammai, ba mataimaki.

Ta uku ita ce ta Triniti. Justin Mai Shahada, a tsakiyar ƙarni na 2, ya ƙi bayanin mala'iku, ya ce Uba ne yake magana da Kalmarsa. Irenaeus na Liyon ya kira Ɗa da Ruhu hannaye biyu na Allah. Zafin da suka yi yana da dalili. Tun da farko Philo na Iskandariyya ya ce Allah ya sa mataimaka a halittar mutum domin kada a jingina masa muguntar ɗan Adam. Daga baya Saturninus na Antakiya ya koyar da cewa mala'iku bakwai ne suka yi duniya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka iyayen ekklisiya suka toshe tsagar gaba ɗaya, ƙa'idar bangaskiya ta Nikiya ta 325 kuma ta ce Allah ne mahaliccin abin da ake gani da wanda ba a gani.

Wannan bayani na uku shi ya fi yawa a wa'azin Hausa, kuma Kirista yana da haƙƙin karanta Farawa da hasken Yohanna sura 1. Inda ake zamewa shi ne a ce ɗafin jam'i na Elohim shi kansa hujja ce ta uku cikin ɗaya. Littafin ya yi amfani da wannan kalma ɗin ga Kemosh na Mowabawa da Dagon na Filistiyawa, kowannensu kuwa gunki guda ne. John Calvin da kansa, wanda ekklisiyoyin Reformed na Takum da Wukari suke bin koyarwarsa, ya gargaɗi masu karatu a sharhinsa na Farawa da su guji irin wannan matsa wa kalma. Kishiyar wannan zamewa ita ce ta masu cewa Elohim yana nufin alloli ko mala'iku ne suka yi halitta, ra'ayin da ake yawan cin karo da shi a intanet. Fi'ilin aya ta farko, bara, tilo ne, kuma a sigarsa ta asali ba a taɓa jingina shi ga kowa ba sai Allah. Ɗan'uwan fi'ilin nan ne sunan Al-Bari'u.

Yaushe aka halicci mala'iku?

Labarin kwana shida bai ambaci halittar mala'iku ba. Kerubobi sun fara bayyana a 3:24 suna gadin hanyar gona, mala'ikan Ubangiji kuma ya fara fitowa ne a sura 16, wurin Hajaratu a jeji. Zabura 148 da Nehemiya 9:6 sun sa su cikin halittu, Ayuba 38:7 kuma ta nuna su suna sowar murna lokacin da aka kafa harsashin duniya. Wannan giɓi ne masu sharhi suka yi ta cikewa. Littafin Jubili, na ƙarni na 2 kafin Miladiyya, wanda Cocin Habasha yake ɗauka a cikin littattafansa, ya ce rana ta farko. Augustine na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa, ya ce su ne ake nufi da hasken da aka fara yi. A Bereshit Rabba, Rabbi Yohanan ya ce rana ta biyu, Rabbi Hanina ya ce ta biyar tare da masu fukafukai, amma aka ce duka sun yarda ba rana ta farko ba ce, don kada wani ya ce Mika'ilu ya ja sama ta kudu, Jibrilu ya ja ta arewa. A nan mai nazari zai ga cewa aƙida ce ta zaɓi ranar. Ayoyin ba su faɗa ba.

Akwai wuraren da iyakar ta yi siriri har mafassara suka rabu. Zabura 8 ta ce an yi mutum ƙasa kaɗan da Elohim. Fassarar Girkanci ta ce mala'iku, wasiƙar Ibraniyawa sura 2 ta bi ta, wasu fassarori kuma suka ce Allah. A Maimaitawar Shari'a 32:8 rubutun da Yahudawa suka gada yana maganar 'ya'yan Isra'ila, na Girkanci yana maganar mala'iku, wani guntun fata daga kogunan Kumran da aka fara ganowa a 1947 kuma yana maganar 'ya'yan Allah. Mai karatun Hausa yana ganin zaɓi ɗaya kawai a shafinsa, bai san an yi zaɓi ba.

Abin da malaman Musulunci suka riƙe

Musulmin Jalingo da ya ji hikayar gardamar mala'iku ba zai ji ta baƙuwa ba. Suratul Baƙara daga aya ta 30 ta ba da labarin Allah yana sanar da mala'iku cewa zai sanya halifa a ƙasa, su kuma suka yi tambaya a kan ɓarna da zubar da jini, sannan aka sanar da Adamu sunaye aka umurce su da sujada. Mufassirai, daga Jalalaini da ake karantawa a azumi zuwa Liya'ut Ta'awili na Abdullahi ɗan Fodiyo, suna kan cewa tambayar ta neman sanin hikima ce, kuma sanarwar ba ta buƙata ba ce. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga A'isha ya ce daga haske aka halicci mala'iku. Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya kawo ruwayar aiken Jibrilu da Mika'ilu da Mala'ikan Mutuwa su ɗebo ƙasar da za a gina Adamu da ita. Ko a nan, aikin mala'ika ɗan aike ne, wanda shi ne ainihin ma'anar kalmar a Ibrananci.

Malaman sun san cewa wasu labaran sun shigo daga Ma'abota Littafi ta bakin irin su Ka'abul Ahbar da Wahbu ɗan Munabbih, suka kira su Isra'iliyyat. Ibn Kasir ya raba su uku: wanda nassi ya gaskata, wanda ya ƙaryata, da wanda ya yi shiru a kansa, wanda ba a gaskatawa ba a kuma ƙaryatawa. Sun kuma san wani abu na sunayen. Buhari ya kawo daga Ikrima cewa ɗafin il a Jibrilu da Mika'ilu yana nufin Allah. El ɗin nan ne na Ibrananci, kuma shi ne a Isma'ila da Daniyel da Immanuwel, kamar yadda guntun baƙaƙe huɗun yake a Iliya da Ishaya da Zakariya da halleluya. Jibrin da Ishaya da suke makwabtaka a unguwa ɗaya kowannensu yana ɗauke da ɗaya daga cikin sunayen biyu.

Hanya mafi ɓoyuwa ita ce ta tsibbu. A Shamsul Ma'arif da ake jingina wa Ahmadul Buni, wanda ya rasu wajen 1225, da littattafan asirai irinsa da malaman zaure suke nazari, akwai jerin kalmomin Ahiya Sharahiya, Adunai, Asba'ut, Al Shaddai. Waɗannan su ne Ehyeh Asher Ehyeh na Fitowa sura 3, da Adonai, da Tseba'ot, da El Shaddai, lafazinsu ya goge a hanya. Ƙamusun Lisanul Arab ya fassara na farkon da Ya Hayyu Ya Ƙayyum. Ana rubuta su a hatimi da laya tare da sunayen mala'iku masu ƙarewa da il, da fatan an dace da Ismullahil A'azam. Malaman Izala da wasunsu suna sukar haka da hujjar cewa bai halatta a roƙi Allah da lafazin da ba a san ma'anarsa ba.

Abin lura shi ne, irin wannan ɗabi'a tana nan a ɗaya gefen. Tasirin majami'un Fentikos ya sa Jehovah Jireh da Jehovah Nissi da Jehovah Shalom sun bazu a waƙa da jikin shaguna da bayan keke, wani lokaci ana jera su a addu'a kamar mabuɗai, wannan na arziki, wannan na nasara. A littafin kuwa, na farko sunan wuri ne da Ibrahim ya raɗa a Farawa 22, na biyu sunan bagaden Musa ne a Fitowa 17, na uku na bagaden Gidiyon a Mahukunta 6. Shaida ce ta mutanen da suka ga taimako suka sa wa wurin suna don tunawa. Wasiƙar Kolosiyawa ma ta yi gargaɗi a kan yi wa mala'iku sujada, alamar cewa jarabar daɗaɗɗiya ce.

Hukuncin nazari

Idan aka auna al'adar gaba ɗaya, za a ga mafassaran Hausa sun yi dace a manyan zaɓuɓɓukansu. Allah da Ubangiji da mala'ika sun ba littafin murya da mutanen Binuwai suke ganewa, sun kuma bar wa Musulmi da Kirista filin da za su iya yin muhawara su fahimci juna. Za a kuma ga cewa Rashi da Irenaeus da Ɗabari, duk da nisan da ke tsakaninsu a kan wanda aka yi wa magana, sun haɗu a kan cewa mala'ika halitta ne, yana halarta, yana yabo, ana aikensa, amma ba ya halitta. Wannan haɗuwa ba ta shafe saɓanin Tauhidi da Triniti ba, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ta shafe. Ta dai nuna inda saɓanin yake na gaskiya, ta hana a ɓata lokaci a inda babu shi.

Gyaran da al'adar take buƙata na tarbiyyar karatu ne. Mai wa'azi da mai tafsiri su riƙa bambanta wa jama'a abubuwa uku: abin da nassi ya faɗa, abin da mafassari ya zaɓa, da abin da malamai suka ƙara don cike giɓi. Masu buga Littafi Mai Tsarki na Hausa su yawaita bayanin ƙasan shafi a wurare irin su Zabura 8 da inda El Shaddai ya zo, ta yadda shugabar zumuntar mata ko malamin makarantar Lahadi zai san akwai wata fassarar. Makarantun tauhidi na Bambur da Donga da sashen nazarin addinai na jami'o'in yankin su ƙarfafa Ibrananci, su kuma sa ɗalibansu su san Larabci ko kaɗan ne, tunda da yawa daga kalmomin da za su yi wa'azi da su daga can suka fito. Malamin zaure kuma da ya gaji Ahiya Sharahiya daga malaminsa ya cancanci a gaya masa asalinta da ma'anarta, sannan ya yanke hukunci da ilimi a kan ko zai ci gaba da rubuta ta.